Yadda Ake Yi da Kwandunan Furanni na Rataye da Furannin Fangali Bayan Hunturu a Birtaniya

Wanda ya taɓa zama a Ingila ya san kwandon furannin nan da ake ratayewa a bakin ƙofa da sarƙa uku, tamkar ragayar da iyayenmu mata ke ɗora ƙwaryar nono. A watan Yuli abin gwanin sha'awa, amma zuwa Maris sai ka same shi ya zama tarin busassun karare da koren gansakuka. A nan ne masu gida ke yin kuskure iri biyu. Wani ya juye komai a bola, har da shukokin da ke da sauran rai kuma kuɗi ne. Wani kuma ya ga rana ta fito kwana uku a Afrilu, ya ruga kanti ya sayo sababbin furanni ya rataye, dare ɗaya sanyi ya gama da su.

Hunturun can ba irin namu ba ne mai iska da ƙura da bushewar leɓe. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga ruwa ga raɓa mai daskarewa. Shukar da ke ƙasa tana samun ɗumin ƙasar da ke kewaye da ita, amma kwando yana lilo ne a sarari, sanyi na shigarsa ta sama da ƙasa da kowane gefe. Don haka saiwa ce ke fara mutuwa, kuma saiwar ce za ka duba kafin ka yanke wa kowace shuka hukunci.

Kwandon da har yanzu yake fure

Idan kwandonka na hunturu ne, wato wanda aka dasa a Satumba ko Oktoba da furanni irin su fansi da bayola da firimroz da wata shuka mai yaɗo da ake kira aibi (ivy), kada ka yi gaggawar wargaza shi a Maris. Yanzu ne ma zai yi kyansa, kuma zai iya kai ka tsakiyar Mayu. Sauke shi ka ɗora a bakin bokiti don ya zauna daram. Tsinke duk furen da ya yanƙwane tun daga gindin silinsa, har da ɗan ƙullin da ke bayansa, domin in ka bar fansi ya yi iri, ya gama aikinsa ke nan, ba zai ƙara damuwa da fure ba. Cire ganyen da ya yi rawaya ko ya yi furfurar funfuna. Sa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Kwandon da ke ƙarƙashin indararo ko rumfar ƙofa yakan bushe ƙamas ko da ana sheƙa ruwa kullum, saboda ruwan ba ya kai gare shi. In ƙasar ta bushe har ta janye daga gefen kwandon, zuba ruwa ta sama ba ya amfani, ta gefe zai sulale. Tsoma kwandon cikin baho mai ruwa na kamar rabin awa, sannan ka bar shi ya tsane. Daga nan sai takin ruwa sau ɗaya a mako biyu.

Wargaza kwando da tantance shukoki

Kwandon bara da aka manta a rataye ana iya wargaza shi tun Maris. Na hunturu kuwa sai furensa ya ja baya a Mayu. Shimfiɗa leda ko tsohon buhu, kwance sarƙar daga gefe ɗaya don kada ta karya rassa, ka kife kwandon a hankali. Raba saiwoyin da hannu. In sun sarƙe sun zama dunƙule guda, yanka su da tsohuwar wuƙar burodi kamar yadda ake yanka alkaki.

Fetuniya da lobeliya da marigol na bara sun tafi, ba sa tsallake hunturu a waje. Kada ka ɓata lokaci a kansu. Haka ƙananan sikilamen ɗin da ake sayarwa a kaka, yawanci sanyi mai tsanani ya ruɓar da su. Fansi da ya yi dogayen ƙafafu za ka iya datse shi ya rage kamar santimita 5 ka dasa a inuwa, wani lokaci ya sake fure, amma gaskiya ba ya komawa kamar da, kuma sabo ba tsada gare shi ba.

Waɗanda suka cancanci wahalarka su ne masu rayuwa shekara da shekaru. Aibi ya fi kowa taurin rai: rage tsawonsa da rabi, rage saiwar kaɗan, ka mayar da shi sabon kwando. Firimroz, da zarar ya gama fure, za ka ga gindinsa ya zama kai biyu ko uku. Ɓalle su da hannu, kowanne da saiwarsa, ka dasa a wuri mai inuwa da danshi, ka shayar sosai. Hiyukera da sikimiya da ƙananan itatuwan da ba sa zubar da ganye a koma da su tukunya ko gefen lambu, sikimiya a inuwa domin rana na mayar da ganyenta rawaya.

Furanni masu kai irin na albasa, kamar ƙaramin dafodil da kurokus, su ne aka fi zalunta. Mutane kan yanke ganyen da zarar fure ya faɗi don ya yi musu muni, alhali da ganyen ne kan da ke cikin ƙasa ke tara abincin fure na baɗi. Cire mataccen furen kawai, ka bar ganyen aƙalla mako shida har ya yi rawaya da kansa. Kada ka ɗaure shi ko ka kitse shi. In kana bukatar kwandon kafin lokacin, ɗauke su da ƙasarsu ka binne a wani lungu, zurfin ya kai tsawon kan sau biyu zuwa uku.

Abin da ke ɓoye a cikin ƙasar

Kafin ka mayar da ko shuka ɗaya wani wuri, baza ƙasar a kan ledar ka tona ta da yatsu a wuri mai haske. Abin da kake nema wata tsutsa ce fara mai ruwan madara, marar ƙafafu, kanta ruwan ƙasa, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, tsawonta bai wuce santimita 1 ba. Kamar gwazarma take, sai dai 'yar mitsitsiya. 'Yar wani baƙin ƙwaro ce da za ka ga an rubuta vine weevil a jikin maganinsa a kantin kayan lambu. Uwar tana fita da dare ta gutsure gefen ganye, wannan ɓarnar ba ta kisa. Tsutsar ce ke cin saiwa tun daga kaka har zuwa wannan lokaci. Alamarta ita ce shuka ta yanƙwane alhali ƙasa da danshi, in ka ja ta kaɗan sai ta taso a hannunka ba saiwa ko ɗaya, kamar an aske ta. Firimroz da hiyukera da sikilamen da fushiya da begoniya ta fi so.

In ka ga ko guda ɗaya, ka ɗauka akwai saura. Wanke saiwar duk shukar da za ka ajiye a cikin bokitin ruwa har ƙasar ta fita tas, sannan ka dasa a sabuwar ƙasa. Hiyukera da aka cinye wa saiwa takan sake yin wata in ka dasa gindin a ƙasa mai danshi ka ajiye a inuwa. Tsohuwar ƙasar kuma ka baza ta siriri a kan daɓe kwana biyu, tsuntsaye za su yi maka aikin. Kada ka juye ta a wata tukunya. Ga sauran tukwanen da ba za ka wargaza ba, akwai wasu ƙwayoyin tsutsa da ido ba ya gani, masu kashe wannan farar tsutsa, da ake sayarwa, ana dama su da ruwa a shayar. Nau'in Steinernema kraussei yana aiki tun ƙasa tana da ɗumin digiri 5 na ma'aunin Celsius, don haka ya dace da Maris zuwa Mayu, sai a maimaita a ƙarshen Agusta ko Satumba lokacin da sababbin tsutsotsi ke ƙanana. Sharaɗinsa ƙasar ta kasance da danshi kafin a zuba da kuma mako biyu bayan haka. A busasshiyar ƙasa asarar kuɗi ne.

Ƙasar da ba tsutsa ba cuta ma ta gaji. Takinta ya ƙare, ta dunƙule, iska ba ta ratsa ta. Amfaninta shi ne a baza ta a gindin itatuwa ko a gauraya da ƙasar fangali. In aljihu ya matsa, ana iya haɗa kashi ɗaya nata da kashi biyu na sabuwa a manyan tukwane, amma kwandon rataye ƙasarsa kaɗan ce kuma baki da yawa ke ci, a ba shi sabuwa zalla. Shukokin da suka mutu da cuta a sa su a kwandon sharar lambu na ƙaramar hukuma, kada a zuba su a juji na gida.

Waɗanda aka ɓoye a ɗaki

Masu dabara kan shigar da fushiya da jeraniyam da begoniya cikin gareji ko ɗakin gilashi na renon shuka tun Oktoba. A Maris ake tashe su.

Fushiya za ka same ta kamar busasshen tsinke. Kankare ɓawon reshe da farce: in ka ga kore da ɗanye a ciki, tana da rai. In ruwan ƙasa ne, sauka ƙasa-ƙasa kana gwadawa har gindi kafin ka fid da rai. Mai rai sai a datse kowane reshe a bar gaɓa biyu, a karkaɗe tsohuwar ƙasa, a sa ta a tukunyar da ta ɗan fi saiwar girma kaɗan. Ruwa kaɗan-kaɗan har sai toho ya fito. Shuka marar ganye ba ta shan ruwa, in ka cika mata sai saiwa ta ruɓe, kuma wannan shi ne ajalin yawancin fushiyar da ta tsallake hunturu lafiya. In sabon tohon ya fito a murɗe, ya kumbura ya yi ja-ja, wata ƙaramar kaska ce da aka fara gani a babban yankin Birtaniya a 2007. Yanke reshen kamar santimita 10 ƙasa da wurin, kuma kada ka ɗauki reshen dashe daga wannan shukar.

Jeraniyam a matsa karansa da yatsu. Mai tauri yana da rai, mai laushi ko baƙi ko rami a ciki ya ruɓe, a yanke har inda naman ya yi fari-kore. A rage tsawonsa zuwa kamar santimita 10, a yanka daidai saman gaɓa, a ajiye a bakin taga mai haske. Idan sababbin rassa suka kai santimita 8 zuwa 10, kowanne sabuwar shuka ce kyauta: yanke a ƙarƙashin gaɓa, cire ganyen ƙasa, soka a gefen tukunya mai ƙasa da aka gauraya da yashi. Kada a rufe jeraniyam da leda, gumi na ruɓar da shi. Fushiya kuwa tana son a rufe ta. Cikin mako uku zuwa huɗu za su yi saiwa.

Begoniya mai doya ana jera doyar a faranti mai ƙasa mai ɗan danshi, gefen da ke da kwarmi yana kallon sama, a wuri mai ɗumin digiri 18. Ruwa a zuba ta gefe, domin in ya kwanta a kwarmin nan doyar ta ruɓe. Da ganye ya fito sai kowacce ta samu tukunyarta.

Kwandon da maratayinsa

Wanke kwandon da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi, ka ɗauraye ka shanya. Duba sarƙar zobe-zobe, musamman inda ta haɗu da bakin kwandon, nan tsatsa ke fara ci. Sabuwar sarƙa ba ta da tsada, a canza kawai. Kama maratayin da ke bango ka girgiza. Kwando mai faɗin santimita 35 yana cin ƙasa kusan lita 10, in ya sha ruwa ya cika da ganye nauyinsa ba na wasa ba ne, ga shi a saman kan masu shiga da fita. Ƙusoshin su shiga cikin bulo, ba cikin simintin da ke tsakanin bulo ba, wanda sanyi ke rugurguzawa. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda bango.

Shimfiɗar ciki ta zaren kwakwa takan yi shekara ɗaya ko biyu. In ta yi siriri ko tsuntsaye sun fige ta don sheƙa, a sake. Tsohuwar rigar sanyi ta ulu ma tana yi.

Sabon dashe

Ɗora kwandon a bakin bokiti, sa shimfiɗa, sannan ka ajiye da'irar leda mai faɗin faranti a can ƙasa don ta riƙe ɗan ruwa. Gauraya sabuwar ƙasar da ƙwayoyin takin nan masu narkewa a hankali, irin su Osmocote, daidai awon da ke jikin kwali. Ƙari a kan awo ƙona saiwa yake yi. Cika kwandon zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka tsaga shimfiɗar a gefe wuri uku zuwa biyar. Naɗe ganyen kowace 'yar shuka mai zubowa, kamar lobeliya ko bakofa, a cikin takarda kamar ƙunshin ƙosai, ka turo ta daga ciki zuwa waje ta tsagar, saiwar ta kwanta a kan ƙasa. Turo saiwa daga waje kan yayyage ta. Ƙara ƙasa, sa mai tsayi ɗaya a tsakiya, jeraniyam ko fushiya, sauran a kewaye suna ɗan karkata waje. Bar santimita 2 zuwa 3 a sama don ruwa ya samu wurin tsayawa.

Ƙa'idar da masu lambu ke bi ita ce ƙaramar shuka ɗaya ga kowane inci na faɗin kwando, wato kusan 12 a kwandon santimita 30. Amma in masu ƙarfi ne irin fetuniya mai yaɗo da fushiya da jeraniyam, biyar sun isa. Tsinke kan kowane reshe bayan gaɓa ta uku don ya yi rassa. Zai jinkirta fure da kamar mako biyu, amma kwandon zai cika ya rufe wayarsa.

Yaushe za a fitar

Kantuna na baje furannin rani tun Afrilu, wannan ba ya nufin lokacin fitar da su ya yi. Hasken rana ba shi ne ma'auni ba, sanyin dare ne. A Landan da kudancin Ingila haɗarin raɓa mai daskarewa yakan wuce daga tsakiya zuwa ƙarshen Mayu, shi ya sa wasu ke ɗaukar makon baje kolin furanni na Chelsea, wanda ake yi a Landan a watan Mayu, a matsayin alama. A arewacin Ingila da Sukotlan a jira farkon Yuni. Daren da sama ta yi garau ba gajimare ba iska, shi ne abin tsoro.

Wanda ke da ɗakin gilashi ko baranda mai rufi yana iya dasa kwandonsa a Afrilu ya reno shi a ciki. Wanda ba shi da su ya haƙura sai Mayu. Ko ta yaya, shukar da ta tashi a ɗumi sai an saba mata da waje na mako biyu zuwa uku. Makon farko a fitar da rana a jikin bango inda ba iska, a shigar da yamma. Na biyu a bar ta har dare, a rufe da farin mayafin shuka. Na uku ta kwana a buɗe, sai in an yi hasashen sanyin zai sauka kusa da sifili. Wadda aka fitar kai tsaye ganyenta kan yi fari-fari ko shuɗi-ja, ta tsaya cak ba girma har mako uku.

Fangali

Furannin fangali na farkon shekara, su fansi da wolfulawa da belis, ana tuge su a ƙarshen Mayu. Tulif da ke tsakaninsu a haƙe shi da ganyensa a binne a wani lungu ya ƙarasa bushewa. Sassauta ƙasar da cokalin haƙa, tsince ciyawa da saiwarta, zuba ruɓaɓɓen taki kamar bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita, da takin Growmore kimanin giram 70. Kada a taka ko a haƙa ƙasa mai laka tana jiƙe, dunƙulewa take yi kamar tubali. Shayar da 'yan shukokin tun suna cikin farantinsu awa ɗaya kafin dashe, a dasa da yamma, tazarar santimita 15 ga ƙanana irin lobeliya, 30 ga jeraniyam. In fansi ya yi ta mutuwa a wuri ɗaya, gindinsa na ruɓewa, cutar tana cikin ƙasar ne, a huta da dasa shi a nan na wasu shekaru.

Makon farko katantanwa ce abokiyar gaba, mai ɓawo da marar ɓawo, marigol kan ƙare a dare ɗaya. An haramta amfani da ƙwayoyin maganin katantanwa masu sinadarin metaldehaid a waje a Birtaniya tun Afrilun 2022, don haka in akwai tsohon gwangwaninsa a gareji, a kai wurin karɓar shara mai guba na ƙaramar hukuma. Masu sinadarin ferik fosfet ne halal yanzu, a warwatsa su jefi-jefi, ba tuli ba. Fita da tocila bayan magariba a tsince su da hannu ma yana rage su ƙwarai.

Kwandon da aka rataye kuma, a tsakiyar rani yana bukatar ruwa kullum, ranar zafi da iska safe da yamma. Yawancin ƙasar shuka da ake sayarwa a buhu yanzu samanta kan bushe alhali cikinta jiƙe yake, don haka kada ido ya ruɗe ka: tallafi gindin kwandon da tafin hannu ka ji nauyinsa. Bayan mako huɗu zuwa shida da dashe a fara ba shi takin ruwa na tumatir sau ɗaya a mako, shi ne mai sinadarin da ke sa fure, kuma a zuba shi a kan ƙasa mai danshi, ba busasshiya ba. Duk mako a juya kwandon don gefen da ke kallon bango shi ma ya ga rana.